Yadda Ake Auna Shaharar Mawaƙi: Misali da Robbie Williams na Ingila

Duk wanda ya taɓa zama don rubuta labari a kan wani mawaƙi na ƙasar waje, ko don gabatar da shi a shirin rediyo, ko ma don raba gardama tsakanin abokai, ya san cewa faɗin wane ya yi suna a duniya abu ne mai sauƙi, tabbatar da hakan kuwa aiki ne. Shaharar mawaƙi tana da wurin da ta kai da wurin da ba ta kai ba, tana da shekarun da ta yi tashe da shekarun da ta lafa, kuma tana da irin mutanen da ta kama. Wannan jagora zai nuna yadda mai karatu zai bi waɗannan abubuwa da kansa, ta hanyar bayanan da suke a buɗe ga kowa a intanet. An ɗauki Robbie Williams a matsayin misali domin da wuya a sami mawaƙin da sunansa ya rabu gida biyu kamar nasa: a Birtaniya da Jamus da Ostiraliya yana cika manyan filayen ƙwallo, a Amurka kuwa ya shafe shekaru yana zaune a Los Angeles yana shiga kantuna ba tare da an waiwaye shi ba.

Abin da za a fara yi shi ne shimfiɗa tarihin aikin mawaƙin bisa shekaru, tun kafin a taɓa wani adadi. An haifi Williams ranar 13 ga Fabrairun 1974 a garin Stoke-on-Trent. Yana da shekara 16, a 1990, ya shiga ƙungiyar samari biyar mai suna Take That wadda aka kafa a Manchester, kuma shi ne ƙaraminsu. Ya fice daga cikinta a watan Yulin 1995, sauran suka watse a farkon 1996. Kundin waƙoƙinsa na farko shi kaɗai ya fito a watan Satumban 1997, ya kuma soma da sanyin jiki, har sai da waƙar "Angels" ta fito a watan Disamban shekarar ta ɗaga shi. Daga 1998 zuwa wajen 2006 ne ganiyarsa. Ya koma Take That na ɗan lokaci a 2010, sannan ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai. Amfanin wannan shimfiɗa shi ne duk adadin da aka ci karo da shi daga baya za a san gurbinsa, domin nasarar da mutum ya samu cikin ƙungiya daban take da wadda ya samu da ƙashin kansa, kuma masu tallata mawaƙa sukan haɗe su wuri guda idan hakan zai ƙara wa lissafi kauri.

Daga nan sai a koma ga jadawalin waƙoƙi, ƙasa bayan ƙasa. A Birtaniya kamfanin Official Charts ne yake fitar da jadawalin kowane mako, kuma shafinsa yana da wurin bincike inda ake rubuta sunan mawaƙi a ga kowace waƙa da kowane kundi, da matsayi mafi girma da ya kai, da yawan makonnin da ya yi. A Amurka mujallar Billboard ce take wannan aiki, da jadawalin Hot 100 na waƙoƙi da Billboard 200 na kundaye. Idan aka bincika Williams a na Birtaniya za a tarar da waƙoƙi 7 da suka kai matsayi na ɗaya, ban da na Take That. Kundayensa kuwa, a watan Satumban 2022 ya sami na 14 da ya hau saman jadawalin, ya wuce Elvis Presley mai 13, sannan a farkon 2025 ya sami na 15, ya kamo ƙungiyar Beatles. Idan aka juya ga Billboard sai labari ya sauya gaba ɗaya. Babu waƙarsa ko guda, shi kaɗai, da ta taɓa shiga cikin 40 na farko a Hot 100. Kundin da aka haɗa masa musamman domin kasuwar Amurka a 1999 ya tsaya ne a matsayi na 63, wanda ya fito can a 2003 kuma ya tsaya a na 43. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne waƙar Take That ta 1995 mai suna "Back for Good" ta kai matsayi na 7 a Amurka, wato ƙungiyar da ya bari ta je inda shi bai taɓa zuwa ba.

A nan akwai abin lura guda biyu da mai bincike ba zai tsallake ba. Na farko, jadawalan biyu ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Na Birtaniya ya dogara ne a kan abin da mutane suka saya, sannan daga 2014 aka shigar da sauraro ta intanet cikin lissafin waƙoƙi, daga 2015 kuma cikin na kundaye. Hot 100 yana haɗawa da yawan sanya waƙa a gidajen rediyo, saboda haka mawaƙin da masu rediyon Amurka ba su karɓe shi ba zai sha wuya ya hau, ko da yana da masoya a can. Na biyu, kai wa matsayi na ɗaya ba shi ne ƙarshen magana ba. "Angels" ba ta taɓa wuce matsayi na 4 a Birtaniya ba, amma ta sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, kuma a 2005 jama'a suka zaɓe ta a bikin kyaututtukan Brit a matsayin waƙar da ta fi kowace cikin shekara 25. Ana rera ta a bukukuwan aure da wuraren jana'iza da filayen ƙwallo, alhali waƙoƙi da dama da suka hau saman jadawali a shekarar da ta fito an manta da su. Don haka a riƙa duba layin da ke nuna yawan makonni kamar yadda ake duba layin matsayi. Haka nan a yi hattara da kundayen da suka kai na ɗaya a shekarun baya-bayan nan. Yanzu da sayen faifai ya ragu ƙwarai, mawaƙin da yake da tsofaffin masoya masu aminci, waɗanda za su sayi faifan a makon farko, yana iya hawa sama da adadin da a 2000 ba zai kai shi ko'ina ba. Wannan bai rage wa tarihin da Williams ya kafa daraja ba, amma yana nufin na ɗayan 2022 da na ɗayan 1998 ba nauyinsu ɗaya ba.

Mataki na gaba, wanda a ganina a nan aka fi yin kuskure, shi ne shaidar zinariya da ta platinum da ake bai wa faifai. Mudun wannan kasuwa ba shi ne mudun waccan ba. A Birtaniya ƙungiyar BPI tana bai wa kundi shaidar zinariya idan ya kai kwafi 100,000, platinum kuma idan ya kai 300,000. A Amurka ƙungiyar RIAA tana ba da zinariya a 500,000, platinum a miliyan ɗaya. Wanda ya karanta cewa wani kundi ya sami platinum bai san komai ba tukuna sai ya tambayi a wace ƙasa. Bayan an gano adadin, sai a raba shi da yawan mutanen ƙasar a lokacin. Kundin Williams na biyu, na 1998, yana da shaidar platinum goma a Birtaniya, wato kwafi miliyan 3 bisa ƙa'idar BPI, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 60 ba a wancan lokaci. Wannan ya kama kusan kwafi guda ga kowane mutum 20, har da jarirai da tsofaffi. Kundinsa na Amurka na 1999 ya sami zinariya, kwafi 500,000, a ƙasar da take da mutum kusan miliyan 280, wato kwafi guda ga mutum sama da 500. Rabin miliyan ba ƙaramin ciniki ba ne, kuma mawaƙa da yawa za su yi murna da shi, amma ba adadin da zai sa direban tasi a Chicago ya san fuskar mutum ba ne. Sai dai a sani cewa kafin 2013 shaidar BPI ta dogara ne a kan kwafin da aka kai shaguna, ba lallai waɗanda aka saya ba, saboda haka tsofaffin alƙaluma kan ɗara gaskiyar ciniki da ɗan abin da ba a rasa ba.

Idan aka ce in zaɓi ma'auni guda, zan zaɓi tikitin shiga wasa. Mutum yana iya jin waƙa a rediyo ba da son ransa ba, yana iya barin ta tana kaɗawa a wayarsa yana barci, amma ba ya biyan kuɗi mai tsoka, ya yi tafiyar sa'o'i, ya tsaya a fili tun da rana, sai don wanda yake so da gaske. A ranakun 1 da 2 da 3 ga Agustan 2003 Williams ya yi wasa a filin Knebworth da ke yankin Hertfordshire, mutum 125,000 kowane dare, jimla 375,000. Ƙungiyar Oasis, wadda ta yi tashe matuƙa, dare biyu ta yi a wannan fili a 1996. Zagayen wasanninsa na 2006 ya shiga kundin tarihi na Guinness saboda an sayar da tikiti miliyan 1.6 a rana ɗaya, kuma wannan tarihi ya daɗe kafin Taylor Swift ta wuce shi a 2022. To, sai mai bincike ya nemi jerin garuruwan da zagayen ya bi, domin jerin nan taswirar shaharar mawaƙin ce, kuma waɗanda suka zuba kuɗinsu ne suka zana ta. An buɗe zagayen a Afirka ta Kudu, aka ratsa Dubai, aka daɗe a Turai, aka je Kudancin Amurka da Meziko, aka rufe a Ostiraliya. Ba a yi wasa ko ɗaya a ƙasar Amurka ba. Da ya tashi yin jerin wasanni a Las Vegas a 2019, a ɗakin taron wani otal ya yi su, mai cin mutum kusan 1,500. A riƙa lura da girman wurin wasa a kowane gari, da yawan dararen da aka yi a cikinsa, domin masu shirya wasa ba sa kama filin ƙwallo don fatan alheri.

Kyaututtuka ba sa buƙatar dogon bayani. Williams yana da kyautar Brit 18, 13 nasa na kansa, 5 tare da Take That, kuma babu wanda ya kai shi. Bai taɓa lashe Grammy ba. Masana'antar waƙa ta Birtaniya ce take ba da ta farko, ta Amurka take ba da ta biyu, saboda haka kowace tana maimaita abin da jadawalin ƙasarta ya riga ya faɗa.

Batun kuɗi kuwa sai an bi shi da taka-tsantsan. A 2002 Williams ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanin EMI wadda aka ruwaito ta kai fam miliyan 80, mafi girma a tarihin waƙar Birtaniya a lokacin. Irin wannan adadi yana nuna abin da kamfani yake tsammani daga mawaƙi, ba abin da ya riga ya faru ba, kuma yarjejeniyar ta ƙunshi kundaye da dama da kaso daga kuɗin wasanni da sauran harkokinsa. Haka nan jimlar faifan da ake cewa mawaƙi ya sayar a duniya, wadda a kan Williams akan ambaci miliyan 75, yawanci daga bakin kamfaninsa ko masu tallata shi take fitowa, domin babu wata hukuma guda da take ƙirga cinikin duniya baki ɗaya tun shekarun baya. Idan za a kawo irin wannan adadi a rubutu, a ce an ƙiyasta ko kuma kamfaninsa ya ce, kada a jera shi kafaɗa da kafaɗa da alƙaluman BPI da RIAA waɗanda ake iya bincikawa.

Bayan an ga inda shahara ta tsaya, ya kamata a nemi dalili, domin rubutun da ya ce wane bai karɓu a wuri kaza ba, ya yi shiru, ya bar mai karatu da zaton ko mawaƙin ne bai iya ba. A Birtaniya mutane sun san Williams tun yana yaro a Take That, sun ga ficewarsa, sun bi rigimarsa da Gary Barlow, abokin aikinsa a ƙungiyar, a jaridu, sun san fama da ya yi da shaye-shaye da damuwa, wanda shi da kansa ya sha yin magana a kai a fili. Idan ya hau dandali yana fankama yana kuma yi wa kansa ba'a a lokaci guda, sun gane wasan, domin irin barkwancin gidajen rawa na arewacin Ingila ne, kuma mahaifinsa ma mai nishaɗantar da jama'a ne a irin waɗannan wurare. Ba'amurke a 1999 bai san ko ɗaya daga cikin wannan labari ba. Abin da ya gani shi ne baƙo mai cika baki, a shekarar da Britney Spears da Backstreet Boys da Ricky Martin suka mamaye gidajen rediyo. Ƙari a kan haka, kasuwar Amurka tana neman mawaƙi ya shafe watanni yana bin tashoshin rediyo jiha-jiha yana wasa a ƙananan wurare kamar sabon shiga, abin da yake da nauyi ga wanda ya saba da filayen ƙwallo. Williams ya sha faɗa a hirarraki cewa daga baya ya zaɓi ya bar Amurka ta zama wurin da zai zauna ba a san shi ba. Ko mutum ya yarda da wannan bayani gaba ɗaya ko ya ɗauke shi a matsayin rarrashin kai bayan abin bai yiwu ba, ya dace a kawo shi, a kuma bayyana cewa maganarsa ce.

Sai kuma a zaɓi wanda za a kwatanta mawaƙin da shi, kuma a zaɓa da adalci. Kwatancin da ya fi koyarwa a nan shi ne na abokin aikinsa Barlow, domin yana nuna yadda lokaci yake juya lissafi. Da Take That ta watse, kusan kowa ya ɗauka Barlow ne zai gaji sunan, tunda shi yake rubuta waƙoƙin, kuma waƙoƙinsa biyu na farko sun kai matsayi na ɗaya a 1996 da 1997. Zuwa 1999 kundinsa na biyu ya faɗi, kamfani ya sallame shi, Williams kuwa yana sama. A 2006 sai abin ya sake juyawa: Take That ta dawo da mutum huɗu ta sami gagarumar karɓuwa, a daidai lokacin da kundin Williams na shekarar ya sha suka duk da ya hau saman jadawali. Wanda ya auna su a 1997, da wanda ya auna a 2001, da wanda ya auna a 2007, amsa uku za su bayar, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Saboda haka kowace jimla ta kwatanci sai ta ɗauki shekararta. Idan ana son ganin ko matsalar Amurka ta dukan mawaƙan Ingila ce, sai a duba Adele, wadda kundinta na 2011 ya yi mako 24 a saman Billboard 200, na 2015 kuma ya sayar da kwafi miliyan 3.38 a Amurka cikin makon farko. Idan kuma ana neman wanda ya yi kama da Williams a zamanin da ya gabace shi, Cliff Richard ne, mai waƙoƙi 14 da suka kai na ɗaya a Birtaniya, daga shekarun 1950 har zuwa na 1990, wanda bai shiga cikin 10 na farko a Amurka ba sai 'yan lokuta tsakanin 1976 da 1980.

Kayan aikin intanet na zamani suna taimakawa wajen ganin halin da ake ciki yau. Google Trends yana nuna yawan neman suna tun daga 2004, ƙasa-ƙasa, kuma ana iya jera sunaye biyu ko fiye a ga bambancinsu, har a Nijeriya ko Nijar ko Ghana idan ana son sanin matsayin mawaƙin a gida. Alƙalumansa daga 0 zuwa 100 ne, kuma na kwatanci ne, ba ainihin yawan mutane ba. Lokacin rubuta sunan a zaɓi mawaƙin daga jerin da shafin yake kawowa, domin sunansa yana rikicewa da na ɗan wasan fim na Amurka, marigayi Robin Williams, kuma wannan rikici kaɗai yana iya lalata sakamakon. Shafin mawaƙi a Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, yana nuna yawan masu sauraronsa a wata da biranen da aka fi jin sa, sai dai yana rage wa mawaƙan da masoyansu suka manyanta ƙima, domin da yawansu har yanzu faifai da rediyo suke saurara.

A ƙarshe a bambanta ganin mutum da sanin sa. Ranar 14 ga Yunin 2018 Williams ne ya yi waƙa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a filin Luzhniki na Mosko, gab da wasan Rasha da Saudiyya, kuma masu kallo a faɗin duniya, har da gidajen kallon ƙwallo na ƙasashenmu, sun gan shi cikin jajayen kaya, amma ƙalilan ne za su iya faɗin sunansa washegari. Fim ɗin tarihin rayuwarsa da ya fito a ƙarshen 2024, wanda aka nuna shi a siffar biri, ya gwada wannan bambanci da kuɗi tsaba. Masu sharhi sun yabe shi, an ruwaito an kashe kusan dala miliyan 110 wajen shirya shi, amma abin da ya tara a gidajen sinima na duniya bai kai kwatan wannan ba, kuma a Amurka faɗuwar ta fi muni, inda mutane suka cika shafukan sada zumunta da tambayar ko wane ne wannan mutum. Ko a Birtaniya cinikin fim ɗin bai kai yadda sunansa zai sa a zata ba, abin da yake nuna cewa mai sayen tikitin wasa ba lallai ne ya sayi na sinima ba.

Idan an tattara duk wannan aka zo rubutawa, sai a sa wuri da lokaci da ma'auni cikin jimlar kanta. Maimakon a ce Robbie Williams shahararren mawaƙin duniya ne, ko a ce mawaƙi ne da ba a san shi ba, sai a rubuta cewa yana cikin mawaƙan da suka fi kowa cinikin kundaye da tikiti a Birtaniya da yawancin ƙasashen Turai da Ostiraliya, musamman daga 1998 zuwa 2006, kuma babu waƙarsa shi kaɗai da ta shiga cikin 40 na farko a Amurka.